Yadda Sunan Ƙasa Ya Tsare Mu a Hanyar Zugu

Tun da na dawo daga Zugu ban huta da tambaya ba. A ƙofar masallaci, a bakin fadama, har a kasuwar Gaya inda na je sayen gishiri, kowa sai ya tare ni: "Hamidu, wai da gaske mutanen tsallake sun sake wa ƙasarsu suna? Yaya ka gan su?" Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, ga shi duk sanda na fara sai raina ya ɓaci in yar da shi a tsakiya. To ga shi nan gaba ɗaya. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Baffa Idi, ƙanen mahaifina, ya bar Tanda tun ina rarrafe, ya ƙetare kogi ya je Zugu ya zauna yana dukanci, ya yi aure can. Mun gama yankan shinkafa ke nan sai ga wani falken goro da saƙo: Idi yana kwance, ya ce a kira masa Yayarsa, yana da magana da ita. Yayar tasa ita ce Gwaggo Hawa. Ita ta goye shi bayan uwarsu ta rasu, ita ta tauna masa abinci. Da aka faɗa mata ba ta yi kuka ba. Ta shiga ɗaki ta ɗaure ƙullinta, ta fito ta dube ni ta ce, "Kai za ka kai ni."

A tashar Gaya muka sami kamiyon, babbar motar albasa, mai zuwa Paraku. Shofer ɗin kowa ya san shi, Ɗan Dahome ake ce masa. Mutumin Yelu ne, bai haɗa jini da mutanen kudu ba, amma tun da aka gina gada yake bin hanyar, har sunan ya bi shi ya danne na yanka. Shi ma yana son sunan, don ya sa an rubuta masa shi da ruwan ɗorawa a goshin motar, manyan baƙaƙe, ana hango su tun daga nesa. Ya ba Gwaggo wuri a gaba saboda shekarunta. Ni na hau bisa buhuna tare da wani mutumin Kamba, Malam Sule, mai tallar agogo da tabarau. Kafin mu kai gada na san yawan 'ya'yansa, na san wanda ya cuce shi a Argungu, na san abin da ke damun gwiwarsa.

Labarin sake sunan mun ji shi a rediyo kwanaki kafin nan, amma ba wanda ya ɗauke shi da nauyi. Tun da Nasara ya tafi maƙwabtan namu suke sake masu mulki, yau wannan gobe wancan, mu kuwa muna ta kai musu kifi suna ba mu gari. Muka ce wannan ma zai wuce. Sai da muka ƙetare kogi muka ga allon bakin iyaka an shafe shi da sabon fenti, an rubuta Benin, tsohon rubutun, Dahome, yana leƙowa ta ƙarƙashi. Wani ma'aikaci mai furfura ya zagayo, ya dubi goshin motarmu, ya ce wa shofer cikin Dandanci, "Abokina, rufe wannan. Nan mun san ka, amma gaba akwai yara." Ɗan Dahome ya yi dariya, ya samo tsohon buhu ya ɗaure a kan rubutun da igiyar kaba.

Malanbil dai, garin da ke tsallaken gadar, ba baƙon wuri ba ne gare mu. Harshensu namu, kuɗinsu namu, tuwonsu namu. Gwaggo ta ce da tana budurwa a jirgi suke zuwa cin kasuwa, ba wanda ya taɓa tambayarta daga wace ƙasa take. Sai da muka nausa kudu abubuwa suka fara sakewa. A Kandi muka kwana, a zango, gidan wani Bahaushe da kakansa ya zo da ayari bai koma ba. Ya ba Gwaggo ɗaki tare da iyalinsa, mu maza muka shimfiɗa a zaure. Matarsa ta kawo mana wani abu fari naɗe da ganye, akasa suke ce masa, da masara ake yinsa. Gwaggo ta sa a baki ta ji tsami, ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Hamidu, kar ka ci, ya kwana." Mai gidan ya ji, ya yi ta dariya, ya ce haka ake sonsa. Amma sakwararsu ban ga abin kushewa ba, da cukun Fulani da suke soyawa su jefa a miya, wagashi. Na ci har na ɗiga manja a farar rigata guda ɗaya da na tanada don shiga gidan Baffa.

Abu biyu suka ba ni mamaki a garin. Bargawa, mutanen wurin, in za su gai da babba har ƙasa suke zubewa, su daɗe suna amsa wa juna, mu da muke taƙama da ladabi ba mu kai su ba. Amma a titin nan guda sai ka ga yaro da jan ƙyalle a damtse ya tsaya ƙiƙam gaban sa'an kakansa yana ce masa "kamarad". Na tambayi mai masaukinmu ma'anar kalmar, ya ce wai aboki, wai yanzu an yi juyin mulki, kowa abokin kowa ne. Gwaggo ta ce, "To Allah ya kyauta. Ni dai kar wanda ya ce mini haka."

Washegari muka kama hanyar Paraku. Ramuka ne tun daga fita gari, motar tana tsalle, albasa tana motsi ƙarƙashinmu. Wani wuri a cikin tsallen nan igiyar kaba ta tsinke, buhun ya tafi abinsa. Ba wanda ya gani. Shofer yana ciki, mu muna bisa muna riƙe da ƙarfe.

Wajen hantsi muka iso wani ƙauye da ke tsakiyar gonakin auduga. Ba zan faɗi sunansa ba, don akwai mutanen kirki a cikinsa. An gitta gora a kan ganga biyu, samari masu jan ƙyalle suna tsaye da kulake. Ɗaya ya nuna goshin motar ya yi ihu, sauran suka taho a guje kamar sun ga ɓarawo. Aka sauko da mu duka, aka karɓe kart dantite ɗinmu, wato takardun shaida, aka zare makullin mota.

Babbansu a ranar wani saurayi ne siriri, malamin lekol ɗin ƙauyen, wato makarantar boko, Mushe suke ce masa, yadda ake kiran malami da Faransanci. Ɗan Dahome ya san hanya, ya san yadda ake kashe irin wannan wuta. Ya sunkuyar da kai, ya ce sunansa ne ba sunan ƙasa ba, ya rufe iska ta yaye, a ba shi gawayi yanzu ya shafe. Na ga fuskar Mushe ta fara saukowa. Wallahi da an bar su su biyu da mun wuce.

Sai Malam Sule ya gyara tabarau ya sa baki.

"Ni fa ban gane ba," ya ce da ƙarfi, da Hausa, yana duban samarin. "Bini ai gari ne a ƙasarmu, na je na sayar da agogo can, da sarkinsu da komai. Ku rasa sunan da za ku ɗauka sai na mutane? Ko aro kuka yi, za ku mayar?"

Na taka masa ƙafa, amma ina. Akwai mai jin Hausa cikinsu, ya fassara, ya ƙara gishiri. Nan take Mushe ya miƙe wuya. Ya ce wannan magana ta fi ƙarfinsa, zagin juyin mulki ne, sai shugaban komite, wato kwamitin ƙauye, ya dawo ya yanke. Ina shugaban komite? Ya tafi taro babban gari. Yaushe zai dawo? Sai an gama taro.

Na bi Mushe har ƙofar lekol ina roƙo. Na ce ga tsohuwa, ƙanenta yana bakin mutuwa a Zugu, ba mu rubuta komai ba, ba mu ce komai ba, a ba mu takardunmu mu nemi wata mota. Ya ce takardun duk an haɗa su an kulle, in ya ba wani ya hana wani za a ce ya ci hanci. Gwaggo da kanta ta taso, tana dogara sanda, ta tsaya gabansa.

"Ɗana," ta ce da Dandanci, "riƙe wannan yaron, riƙe ƙullina, riƙe duk abin da kake so. Ni kaɗai ka sa ni a mota. Tsohuwa kamata me za ta yi wa ƙasarku?"

Ya kasa dubanta. Ya ce, "Iya, akwai shinge uku a gaba. Ba takarda za su sauke ki inda ba ki san kowa ba. Kuma in shugaba ya dawo ya ƙirga ya ga babu mutum ɗaya, ni za a ɗaure." Ya aika aka kawo mata tabarma da ruwa. Tsoro ne ya cika shi, na gani a idonsa, sai dai tsoronsa bai rage mana komai ba.

Da azahar aka tara mu gindin mangwaro, wai za a wayar mana da kai. Mushe ya tsaya da alli da ɗan allo kamar mu yaran aji. A nan na ji yadda aka yi sunan, kuma zan faɗa muku tsakani da Allah yadda ya faɗa. Ya ce Dahome ba sunan ƙasar duka ba ne. Sunan wata masarauta ce guda a kudu, mai yaƙi, wadda ta riƙa kama maƙwabtanta tana sayarwa ga jiragen Nasara. Da Faransa ta ci ta da yaƙi sai ta ɗauki sunan ta shimfiɗa a kan kowa, da Bargawa, da Dandawa, da Yarabawa, da Fulani, har da jikokin waɗanda aka sayar da 'yan'uwansu. Ya ce yaya za a ce wa mutum ya so ƙasa alhali an kira ta da sunan wanda ya ƙone garin kakansa? Shi ya sa shugabanni suka nemi sunan da ba na kowace ƙabila ba a cikinsu, suka ɗauko na tekun da ƙasar ta jingina da shi, wanda masu jirgi suka daɗe suna kira Benin.

Malam Sule ya buɗe baki zai ce tekun ma ai daga Binin ƙasarsu ya samo sunan. Ɗan Dahome ya damƙe masa gwiwar nan mai ciwo tun bai furta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganar Mushe gaskiya ce. Da a zaure ya faɗa mini ita muna shan fura, da na ce madalla, sun yi tunani. Amma an sake suna don kar a danne kowa, ga shi da sunan ake danne mu. Kuma da ya gama bayani sai ya ce, tunda mun ci abincin ƙauye, gobe maza za su shiga gonar gayya su taya juyin mulki tsinkar auduga. Haka aka yi. Ni da na bar shinkafata a masussuka, na wuni ina tsinkar audugar wasu, rigar da manja ya ɓata ƙaya ta ƙarasa ta. Malam Sule yana gefena yana ta rantsuwa ba zai ƙara magana ba har ya mutu, bai kuwa fasa magana ba har rana ta faɗi.

Gwaggo an ajiye ta gidan wata tsohuwa mai sayar da akasa, mutuniyar kudu ce da aure ya kawo ta arewa tun tana yarinya. Da na dawo daga gona da magariba na same su zaune bakin murhu, suna haɗa Dandanci da nuni da hannu. Tsohuwar ta ce Mushe ya faɗi rabi ya bar rabi. Ta ce a wajensu ana ba da labari, wai wani sarki ne ya riƙa roƙon fili wurin wani mai gari da ake kira Dan. Yau ya roƙa a ba shi, gobe ya dawo ya ƙara. Ran nan Dan ya gaji ya ce, "Kai, sai ka gina a cikin cikina?" Sarkin ya kashe shi, ya kafa ginin fadarsa a kan cikin nasa. Dahome, in ji ta, ma'anarsa ke nan a harshensu: a cikin cikin Dan.

Gwaggo ta riƙe haɓa. "Ashe duk shekarun nan kabarin bawan Allah muke kira."

"Haka ne," in ji tsohuwar. "Amma da sunan aka haife ni, da shi uwata ta mutu. Ba wanda ya zo ya tambaye ni kafin a cire." Ta juyo gare ni. "Ku fa? Nijar ɗin nan taku, mene ne ma'anarsa?"

Na ce sunan kogi ne. Ta ce wane kogi? Na ce wanda muka ƙetaro. Sai Gwaggo ta ce, "Wane irin Nijar? Isa ne. Hausawa su ce Kwara. Ni a bakinsa aka yanke mini cibi, ban taɓa jin masunci ya ce zai shiga Nijar ba." Nasara ne ya zo da kalmar a bakinsa, ya raba ta biyu, ya ba mu guntu ya ba ƙasar su Malam Sule guntu, da ya tashi tafiya manyanmu suka riƙe. Mu ma ba a tambaye mu ba. Bambancin kawai, mu ba a tsare kowa a hanya a kan haka ba tukuna.

Kwana biyu muka yi a ƙauyen nan. Gwaggo ba ta ci abin kirki ba. Duk motar da ta ji sai ta miƙe ta fito bakin hanya, ta tsaya tana kallo har a ɗaga mata gora ta wuce.

A rana ta uku da safe sai ga shugaban komite a kan ɗan babur, mobilet, wani ƙaƙƙarfan mutum mai tumbi, dillalin auduga ne kafin a ba shi muƙami. Samari suka ƙame. Mushe ya matso da bayaninsa a shirye. Mutumin bai ko saurare shi ba, ya hango shofer ɗinmu zaune a inuwar taya, ya buɗe hannuwa ya kwala kira:

"Kai! Ɗan Dahome! Kai ne aka tsare mini?"

Suka rungume juna. Ashe shekara da shekaru shi ke ɗaukar masa kaya zuwa Paraku. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce yara ba su da hankali, a kawo takardun mutane. Aka samo baƙin mai aka shafe rabin rubutun, aka bar "Ɗan" shi kaɗai a goshin mota. Aka sauke masa buhun albasa guda na gaisuwa. Duka abin bai kai daɗewar sallar azahar ba. Ban san sanda na fara ɗaga murya ba, ina cewa to me aka yi ke nan, me muka zauna yi, wa zai biya tsohuwar nan kwanakinta? Ɗan Dahome ya ja ni gefe ya ce, "Hamidu, kana son kwana uku?" Na juya na tafi ɗauko ƙullin Gwaggo. Mushe ya kawo wa Gwaggo takardarta da hannu biyu. Ta karɓa ta nufi mota.

A Paraku ban ga jirgin ƙasan da ake ta ba mu labari ba, ban ga kasuwa ba. Daga wannan mota muka faɗa wata mai zuwa Zugu, muka isa da la'asar sakaliya. Unguwar dukawa ba ta da wuyar samu, warin jima ya kai mu. Matar Baffa, Inna Salamatu, ta fito ta rungume Gwaggo tun ba a gaya mata ko wace ce ba, ta ce kamanninta da Baffa sun yi yawa.

Mun same shi da rai. Yana kwance a kan gado, an juya fuskarsa wajen ƙofa. Amma tun jiya da safe, in ji Inna Salamatu, harshensa ya karye, gefensa na dama ya mutu. Gwaggo ta zauna a ƙasa ta kama ƙafarsa.

"Idi, ga ni. Yaya ce."

Idonsa ya zo kanta ya tsaya. Leɓensa ya yi ta motsi, sauti yana fita, ba kalma. Ta kai kunnenta bakinsa, ta daɗe, ta ɗago ta girgiza kai. Daga nan sai ta fara ba shi labarin Tanda: wanda ya mutu, wanda ya yi jika, tsamiyar ƙofar gidansu da iska ta kayar, yadda shinkafa ta yi bana. Kullum haka take yi, daga safe har yamma, shi kuwa yana binta da ido. Ran Juma'a ya cika, hannunsa cikin nata.

Mun zauna har aka yi sadakar bakwai. Mutanen Zugu sun yi mana karamci, ba zan ɓoye ba. Dukawa suka rufe rumfunansu suka raka shi, maƙwabta suka yi ta kawo abinci, har waɗanda ba sa salla. Gwaggo ta tambayi duk wanda ya yi jinyarsa ko ya faɗa musu maganar da yake son gaya mata. Limamin unguwa ya ce ya tambaye shi, ya ce ta kunnen Yaya ce. Ko gona ce, ko wata yafiya yake nema, ko kewa ce kawai, Allah kaɗai ya sani.

Ran da za mu taso, muna ɗaure kaya, Inna Salamatu ta shigo ta zauna. Ta ce akwai abin da ta so ta bari a cikinta, amma ta ga bai kamata ba. Ta ce falken goron da ya kai saƙo ya riga mu dawowa, ya gaya wa Baffa ya gan mu a tashar Gaya muna neman mota. Baffa ya san hanyar, ya lissafa ranar da za mu iso. Ranar ya ce a yi masa wanka, a yi masa aski, a sa masa babbar rigarsa ta salla. Aka fito da shi zaure aka jingina shi da bango. Ya zauna nan yana gaisawa da masu wucewa da bakinsa garau, yana ce musu Yayarsa na hanya, har aka kira magariba.

Gwaggo ta bar ɗaurin da take yi. Ta ce, "Ya ci abinci ranar?"

"A'a, Yaya. Na kai masa sau biyu. Ya ce a rufe, in kin zo ku ci tare."

Gwaggo ta ja mayafinta ta rufe fuska. Tun daga Tanda har kabari ban ga hawayenta ba sai a nan.

Masu tambayata ko sabon sunan ya fi tsohon daɗi, ku je ku tambayi wani. Gwaggo tana ɗakinta a Tanda, mai son yi mata gaisuwa ƙofa a buɗe take. Amma in kun je, ku yi addu'a ku tashi, kar ku tambaye ta labarin hanya.